Malam Duba-Shafi da Littafin Mai Tumatir

Duk wanda ya zauna a Dutse a shekarun farko na samun jiha, in dai ya taɓa tsayar da Malam Isiyaku ya tambaye shi hanya, ya san abin da zan faɗa tun ban buɗe baki ba. Malam ba ya kwatance. Ka ce masa, "Malam, don Allah ina ne gidan wane?" sai ya dube ka sama da ƙasa, ya tayar da tsohon babur ɗinsa, ya ce, "Hau." Ka ce a'a, ya dai nuna maka da hannu, sai ya ce, "Ni ba na aiken mutum inda ban taka ba. In na ce ka sha kwana wajen darbejiya, ka je ka tarar an sare ta fa? Na zama maƙaryaci a banza. Hau!" Akwai wani baƙo da ya tambaye shi hanyar Kiyawa, ya hau bayansa da zaton mararraba za a nuna masa. Wallahi sai da Malam ya dire shi a tsakiyar kasuwar Kiyawa, alhali bawan Allah da motarsa ya zo, tana can a Dutse ya bar ta a kunne.

Ni ne Sabo, ga waɗanda ba su gane ni ba. Mahaifin Malam da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, don haka taubashina ne, ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba. Tun ina yaro yake ce mini bawansa, ni ma ina ce masa nawa, har ya koma ga Allah ba mu raba wannan gardama ba. Kuma wuri ɗaya muka yi aiki, a wani shiri na taimakon manoma. Shi ne shugaban sashen wallafa, mutum mai takardu, ni kuma ina kan kwamfuta. Aikinmu shi ne rubuta ƙananan littattafai da Hausa domin malaman gona da masu gyara a ƙauyuka.

A nan ne ya samo sunan da ya binne na yanka. Malam ba ya iya wuce inda aka rubuta "duba shafi na kaza". Da ya gani sai ya tsaya, ya lashi yatsa, ya buɗe shafin, ya tabbatar abin da aka ce yana can yana can, sannan ya dawo. Ko jarida ce ta ce "ci gaba a shafi na bakwai", sai ya je ya leƙa ya dawo, ko da labarin ƙwallo ne, shi da bai san yawan 'yan wasa ba. Yakan ce, "Duk wanda ya rubuta duba shafi, aiken mutum ya yi. In mutum ya je ya tarar da wayam, alhakin tafiyarsa na wuyan marubuci." Masinjoji suka fara kiransa Malam Duba-Shafi a ɓoye, daga baya har Darakta ya ɗauka. Bai taɓa jin haushi ba. Ina jin ma daɗi yake ji.

Sai kuma tsimin takarda. Kai jama'a! Ambulan in ya zo ofishinmu, Malam zai farke shi a hankali, ya juya cikinsa waje, ya manne da ƙaro, ya mayar wa wanda ya aiko da amsa a ciki. Kun tuna katin ɗaurin auren babban ɗansa? Wasunku na nan da shi har yanzu, na sani. A bayan lalatattun shafukan littafin famfo ya sa na buga. Kowa ya juya nasa sai ya ga "Yadda Ake Kwance Kan Famfo". Na ce masa, "Malam, wannan abin kunya ne, surukai za su gani." Ya yi tunani, ya ce na yi gaskiya. Sai ya sa na ƙara layi ɗaya a ƙasan katin: "Kada a duba baya." Ranar ɗaurin aure ba wanda bai juya ba, har liman.

To, ana nan sai aka kawo mana kwamfuta. Ita kaɗai ce a ginin, an ware mata ɗaki da fanka, ana lulluɓe ta da mayafi in an tashi. Malam ya sa mata suna Baturiya, kuma tun ranar farko bai yarda da ita ba. In zai shiga ɗakinta sai ya goya hannu a baya, kamar mai zagaya gonar da yake shirin kushewa.

Littattafai uku muke yi a lokacin: na gyaran famfon tuƙa-tuƙa, na injin ban-ruwa, da na maganin feshi. Dukkansu akwai babi ɗaya da suke buƙata iri ɗaya sak, wato "Idan Hatsari Ya Faru". Zamanin tafireta sau uku ake zama a buga shi. Sai na nuna wa Malam cewa yanzu ana iya ajiye babin a wuri ɗaya cikin kwamfuta, kowane littafi ya jawo shi lokacin da za a buga, in kuma an gyara kalma ɗaya ta gyaru a duka ukun. Idonsa ya yi ƙyalli.

Ya ce, "Wato babi ɗaya, gida uku?"

Na ce, "Haka ne."

"Ba ƙarin takarda, ba ƙarin tawada?"

"Ko ɗigo."

Ya juya ya dubi kwamfuta, ya ce, "Ashe ke ma 'yar gidan mutunci ce." Daga ranar babin ya zama Ɗan Yawo a bakinsa.

Jituwar Malam da Baturiya ba ta yi nisa ba. A cikin Ɗan Yawo akwai "duba shafi" da yawa, masu tura mai karatu zuwa wasu wurare a littafin. Ita kwamfuta ba lamba kake rubuta mata ba. Alama kake kafawa a wurin da kake son a je, ka ba alamar suna, sannan a wurin "duba shafi" ka ce mata ta nemo wannan suna. Ita za ta sa lambar da kanta, ko wurin ya matsa gaba ko ya ja baya. To mu duk alamominmu a littafin famfo muka kafa su, don shi muka fara yi. Da Ɗan Yawo ya shiga littafin injin ban-ruwa, Baturiya ta nemi alamomi ta rasa. Duk inda lamba za ta fito, sai ta dangwara wani baƙin rubutu na Turanci mai kauri, wai ba ta ga inda aka aike ta ba.

Ina zaune na ji ihu daga ofishinsa. "Sabo! Sabo! Zo ka ga Baturiyarka tana zagina a cikin littafina!"

Na je na tarar da shi tsaye, takarda a hannunsa. Na ce ba zagi ba ne, gaskiya ta faɗa, baƙo ne ya sauka a gidan da bai sani ba yana neman ƙofar gidan jiya. Maganin abin mai sauƙi ne: a shiga kowane littafi a kafa alama mai suna iri ɗaya a wurin da ya dace. Duk gidan da Ɗan Yawo ya sauka, in ya kira sunan, za a amsa masa. Malam ya sa kujera a bayana, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina kafawa yana lasar yatsa yana dubawa. Duk ya yarda, har muka zo kan layin da ke cewa, "Idan wani abu ya shiga ido, duba shafi na kaza." Kowane littafi da nasa shafin wanke ido, don abin da ke shiga idon mai famfo daban yake da na mai inji da na mai feshi.

Ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Tsaya. Wannan ban da shi."

Na ce, "Saboda me?"

"Ido ne fa, Sabo. Idon ɗan Adam zan damƙa wa abin da in an ɗauke wuta yake mance sunansa? Tashi."

Ya zauna a kujerata, ya share umarnin kwamfuta, ya nemi lambobi da yatsa ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ya buga goma sha bakwai da hannunsa. Na ce, "Haba Malam! Babin nan gida uku yake kwana. Sha bakwai ɗin littafin famfo ai ba shi ne sha bakwai ɗin na inji ba." Ko kallona bai yi ba, ya ce, "To za su daidaita." Kuma wallahi sai da suka daidaita. Ya tilasta wa littattafan nan uku, kowanne wanke ido ya faɗo a shafi na sha bakwai. Na inji da bai kai ba, ya sa na hura hoton sifana har ya cika shafi guda. Masu gyara a ƙauye suna ta tambaya wace irin sifana ce wannan da ba a taɓa kawowa kasuwa ba.

Littafi biyu suka fita lafiya, Malam yana ta yi mini gori. Saura na feshi. Ranar da za a kai shi maɗaba'a a Kano ba na nan, na tafi suna Ringim. Abu ɗaya tak Malam ya yarda ya koya a kwamfuta duk zamansa da ita, shi ne yadda ake rage farin filin da ke gefen takarda. Shi da bakinsa ya ba ni labari daga baya. Ya ce ya dubi littafin ya ga fili fetal a gefe, ya ce a ransa, wannan gero za mu shuka a ciki? Ya matse shi. Rubutu ya baje, littafi ya ragu da 'yan shafuka, ya ji kamar an yi masa bushara. Sannan ya zauna ya bi duk "duba shafi" na Baturiya yana farautar kuskurenta, bai samu ko ɗaya ba, don duk ta sauya lambobinta ta bi sabon tsari. Da ya zo kan na ido sai ya ce, wannan ni na rubuta, ya tsallake. Mutumin da ke duba ci gaban labarin ƙwallo!

Damina ta riga ta sauka lokacin da littafin ya dawo, don haka aka raba wa malaman gona nan da nan, aka bar bikin ƙaddamarwa sai daga baya. Ranar biki zaure ya cika, ga manyan baƙi, ga wakilan hakimai, Darakta yana tsaye yana jawabi. Malam na zaune a babban tebur da sabuwar riga, kuma kun san ba zai iya riƙe littafi hannunsa ya zauna lafiya ba. Daga inda nake ina hango shi yana lasar yatsa yana juyawa, yana gyaɗa kai. Can sai na ga ya daina gyaɗawa. Ya koma baya, ya dawo gaba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai ya miƙe tsaye, kujera ta kife a bayansa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Wasu sun zaci saƙon rasuwa aka kawo masa. Darakta ya sauke takardarsa ya ce, "Malam Isiyaku, lafiya?"

"Ina fa lafiya, ranka ya daɗe! Na makantar da jiha!"

Na ruga na karɓi littafin. Ga layin nan, "Idan wani abu ya shiga ido, duba shafi na goma sha bakwai." Na buɗe sha bakwai. Jama'a, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Wanke ido ya gudu ya koma sha biyar. Abin da ke saman sha bakwai shi ne: "A zuba murfi biyu na magani a cikin ruwa, a girgiza sosai, a fesa har sai ko'ina ya jiƙe." Na nemi wuri na zauna a kan dandamali, a gaban manyan mutane.

Shi kuwa Malam tuni ya sauka yana bin layi yana fizge littafi daga hannun baƙi. Wani dattijo wakilin hakimi ya riƙe nasa gam, yana cewa kyauta aka ba shi, Malam yana ja yana cewa, "Allah ya ja zamaninka, guba ce, saki!" Darakta ya janye shi gefe, ya yi masa magana ta hankali. Ya ce kuskure ne kuma za a aika da sanarwa, sannan ba mai hankalin da zai fesa wa idonsa magani don littafi ya ce. Gaskiya ni ma abin da na faɗa wa kaina ke nan don in samu numfashi. Malam ya girgiza kai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda idonsa ke ci da wuta ba shi ke karatu ba. Yaro zai miƙa wa, ya ce karanta mini da sauri. Shi kuwa yaro abin da ya gani zai faɗa."

Biki dai ya watse ko lemo ba a sha ba.

Washegari da safe na same shi a ɗakin kwamfuta, ya yaye mata mayafi da kansa, ya cire hula. Na rantse da Allah da kunnena na ji yana cewa, "Baturiya, ki yi haƙuri. Ke da ba ki san wuri ba kin ce ba ki sani ba. Ni ne na yi shiru na aiki mutane cikin rami." Na ce, "Malam, ko in ba ku wuri ku gama?" Ya ce, "Zauna, bawan banza, ka goge lambar nan tawa." Na goge sha bakwai ɗinsa, na kafa alamar ido a duka littattafan uku, Ɗan Yawo ya shiga kowane gida ya kira aka amsa. Aikin da bai kai shan shayi ba. Har hoton sifana ya koma girmansa na Allah da Annabi.

Amma na cikin kwamfuta ne ya gyaru. Waɗanda ke hannun mutane fa? An aika da sanarwa, Malam ya ce sanarwa ma aike ce, shi kuwa ba ya aike. Aka ba shi motar ofis ya ce ɓarnar mai ce. Ya sayi jan biro, ya ɗaure buta a bayan babur, ya shiga ƙauyuka cikin ruwa da taɓo. Duk malamin gonar da ya samu sai ya fito da nasa, ya kuma raka shi wajen duk wanda ya ba wa. Malam zai soke sha bakwai, ya rubuta sha biyar, ya lashi yatsa ya buɗe ya gani, sannan ya sa mai littafin shi ma ya buɗe ya gani. Ya faɗa rafi a wajen Kiyawa, ya dawo da babur a kan amalanke, biro na bakinsa don kada ya jiƙe. Kafin kaka ya rame ya yi baƙi, amma ya bi su kaf.

Sai guda ɗaya. Malamin gona na Taura ya ce shi kam an ba shi biyu, ya ba da ɗaya ga wani mai noman rani da suka haɗu a kasuwar Ringim.

Malam ya ce, "Sunansa?"

"Wallahi Malam, Mai Tumatir na ji ana ce masa."

"Mai Tumatir? A Ringim? Kai, ka ji tsoron Allah! A Ringim wa ba mai tumatir ba ne?"

Daga nan Malam ya samu aikin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Duk ranar kasuwar Ringim da ya samu sarari, yana can layin 'yan gwari, yana bin mutane yana tambaya ko an taɓa ba su wani koren littafi. Suka san shi, suka saba da shi, da sun hango babur sai su fara, "Ga mai littafi nan! Malam, yau dai za ka sayi tumatir ko na miya ne?" Bai taɓa saye ba, ya ce shi ba cefane ya kawo shi ba. Ya bar saƙo wajen direbobi, ya bar wajen 'yan dako da masu shayi. Matarsa, Yaya Kande, ta gaji ta ce, "Malam, littafin nan fa tuni mai ƙosai ta naɗe shi ta sayar." Ya ce, "In kin ga mai ƙosan ki kai ni." Ni kuwa na samu abin tsokana. Duk Sallah in na je gaisuwa sai na ce, "Ina labarin surukinka Mai Tumatir?" Yakan yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki. Na lura ko a masallaci in ya ga makaho da sanda sai ya bi shi da kallo har ya fita.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne na shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Lokacin kowa ɗoki yake, wannan ya kai maƙwabci ƙara, wancan ya kai abokin ciniki. Wata safiya Malam ya zo ƙofar gidana da wankakkiyar riga ya ce, "Hau." Ban tambaya ba, don ba a tambayarsa. Ban farga ba sai ga mu a gaban alƙali.

Alƙali ya ce, "Wa ke ƙara?"

Malam ya ce, "Ni ne, Allah ya gafarta Malam."

"Wa ake ƙara?"

"Ni ne."

Alƙali ya ajiye alƙalami ya dube ni, ni kuwa na dubi silin. Ya ce, "To wa aka cuta?"

"Shi nake nema, Allah ya gafarta Malam."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malam ya kwashe labari tun daga Ɗan Yawo har zuwa gefen takarda, ya ce ga shaidarsa nan ya kawo, wato ni. Alƙali dattijo ne mai haƙuri, ya saurara har ƙarshe. Ya ce kuskure ne ba ganganci ba, ba kuma wanda ya zo ya ce an cuce shi, don haka kotu ba ta da abin kamawa, ya je ya yi istigfari. Malam ya matsa gaba ya rage murya.

"Ko 'yar bulala ce ba za a taimaka mini da ita ba? In samu in yi barci."

Alƙali ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu kansa sai ya ce, "Malam, tashi ka je ka ci gaba da neman mutuminka, Allah ya haɗa ku." Muna fita Malam ya dafa ni, fuskarsa wasai, ya ce, "Ka ji ko? Je ka faɗa wa Kande. Yanzu umarnin kotu ne."

Ya yi ritaya, ƙafa ta fara ba shi wahala, babur ya koma jingine a zaure. Zuwana na ƙarshe na same shi kwance a kan tabarma da hantsi, ya ƙanƙance. Na zauna ina ta zuba masa shiririta, ina cewa ya tashi ya biya ni bautar da na yi masa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Sabo, in ya zo, biron na wajen Kande." Na ce, "In wa ya zo?" Ya harare ni irin hararar da yake yi wa Baturiya. Na ce masa to, don kawai ya kwantar da hankalinsa. A raina kuwa tausayi ne ya cika ni, ina ganin tsufa ne ke magana.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, wasunku na wurin, sai ga wani mutum baƙi dogo, ƙafa duk ƙura, da leda a hammata. Ya yi sallama, ya ga tabarmi da jama'a, ya tsaya turus. Ya ce ko nan ne gidan wani malami mai babur da ke neman Mai Tumatir. Ya ce shekara da shekaru yana Kudu yana fataucin kayan gwari, dawowarsa ke nan, kuma tun daga tashar Ringim duk wanda ya gan shi sai ya ce ana nemansa a Dutse, har ya tsorata ya zaci wani laifi ya yi. Ya ce, "Na sha wuya kafin in gano gidan nan. Tun safe nake yawo, kowa sai ya yi mini kwatance." A raina na ce, mai kai mutane da kansa ya tafi.

Abu na farko da na kalla idanunsa ne. Guda biyu, garau, suna kallona. Na ce alhamdu lillahi a fili, mutumin ya ƙara rikicewa. Aka faɗa masa rasuwa, ya zauna ya yi addu'a, sannan ya kwance ledar. Koren littafin nan ne, fes, ko kunnensa bai lanƙwashe ba. Na tambaye shi ko ya taɓa amfani da shi.

Ya ce, "Ni ai ba na karatun boko. A ƙasan akwati na ajiye shi. Amma yaron wajena ya iya karatu yanzu, kuma bana zan koma noman rani. Na ce in mun fara feshi shi zai riƙa karanta mini."

Mu da muka yi shekaru muna yi wa Malam dariya, muka zauna muna kallon ƙasa. Na aika cikin gida, ban ma faɗi abin da nake so ba, sai ga biro Yaya Kande ta aiko da shi a naɗe cikin hankici. Ya bushe, sai da na hura masa iska na goga a tafin hannu kafin ya kama. Na soke sha bakwai, na rubuta sha biyar. Har na rufe littafin zan miƙa masa, sai na ji kamar ana hararata. Na lashi yatsa na buɗe sha biyar, ga wanke ido nan. Na sa Mai Tumatir shi ma ya buɗe ya ga hoton da idonsa. Da zai tafi ya tambayi hanyar tasha, wani ya ɗaga hannu zai fara kwatance, na ce a'a. Na shiga zaure na turo babur ɗin Malam, na ce masa, "Hau."

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ubangidana, yau dai na yarda. Ya Allah, bawanka ne da bai taɓa yarda ya bar wani ya ɓata a hanya ba. Kada ka bar shi shi kaɗai a tasa hanyar. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa ya karɓi littafinsa da hannun dama, ya buɗe ya tarar da alheri a kowane shafi. Amin.